Ƙasar da Ke Cikin Gorar Inna

Mamman, Hadiza, Zalika, wannan babin naku ne, kuma na fi son ku karanta shi a zaune. Kun tashi da labarin cewa mahaifinku ne ya zubar da ƙasar da ke cikin gorar kakarku Inna, shi ya sa ta tattara kayanta ta bar gidanmu na Yantala ta koma Adar, ba ta sake taka Yamai ba har ta rasu. Kun ji a bakin dangi, kun ji a bakinsa shi kansa, ni kuma kun sha ganina a zaune ana faɗi ban ce uffan ba. To, ƙarya ne. Malam Isufu bai taɓa gorar nan da hannunsa ba. Ni ce, uwarku, wadda kuke yi wa kirari da dokta, kuma da ilimin da kuke taƙama da shi na yi ɓarnar.

Sai na fara gaya muku abin da na yi shekaru ina yi a labo, ɗakin bincikenmu, tunda ko sau ɗaya babu wanda ya tambaye ni a cikinku. Ku dai kun san Mama na fita da farar riga ta dawo tana warin jabel, ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta. Aikina saiwar wake ne. In kun tumɓuke wake kuka duba saiwarsa, za ku ga wasu 'yan ƙuraje manne da ita. Ba ciwo ba ne. Cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya, kuma wake ba ya iya rayuwa a ƙasa marar ƙarfi sai da su. Saiwar takan saki wani sinadari cikin ƙasa, kamar mai sallama a ƙofar gida. Ƙwayar bakteriyar da ta gane sai ta amsa da nata, in amsar ta dace saiwar ta buɗe mata, ta gina mata ɗaki, shi ne ƙurjin. Wake yana ciyar da ita, ita kuma tana kamo masa azot daga iska, abin nan da ake sayar wa manoma a buhun taki. Sallamar da amsar duk a rubuce suke cikin ƙwayoyin gadon kowannensu, kuma ba a damina ɗaya aka rubuta su ba. Waken da ya dace da ƙwayar kirki shi ke cika kwando, shi mai gona ke zaɓa ta ajiye iri. Ƙwayar da waken ya ciyar da kyau ita ke yawaita ta koma ƙasa ta jira baɗi. Haka ake ta yi, kaka da kakanni, har su biyun su gyaru da juna. Akwai kuma 'yan cin banza cikin ƙwayoyin, masu shiga su ci su ƙi ba da komi. Ana gane su da farce: ƙurjin da ke aiki in an fasa shi ja ne, na ɗan cin banza kuwa fari fat.

Duk wannan na san shi. Na haddace shi da Faransanci, na ci jarrabawa da shi, na koya wa wasu. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce muku rashin sani ne.

Gidanmu a Adar muna da wake namu, ana ce masa Ɗan Dutsi. Ƙanana ne, ja da ɗigon fari, kuma a kan tsakuwa yake yi, inda gero ma sai ya yi da gaske. Ba maza ke riƙe da shi ba, daga uwa ne zuwa ɗiya. In an gama roro, Inna takan bar tushe kaɗan mafi kyau su bushe a tsaye, sannan ta tumɓuke su da saiwa, ta murtsuke saiwar da ƙasar da ke jikinta, ta haɗa da iri ta ɗura a gora ta toshe da tsumma. Ranar shuka da ƙasar da irin tare suke faɗawa rami. Ranar da ɗiya za ta tafi ɗakinta, ana ɗibar mata daga gorar uwarta. Ni ban karɓi rabona ba, don lokacin da aka yi aurena ina Yamai, gonata kuwa teburin labo ce. Ni dai a wurina hikimar ba ta wuce hana ƙwaro cin iri ba, kamar yadda wasu ke zuba toka ko yashi. Ban taɓa tambayarta ba, don a lokacin gani nake tambaya daga ƙauye take zuwa birni, ba ta komawa.

Shekarar da nake ba ku labari, ruwa ya yi ɓarna a garinmu. Kwazazzabon da ya daɗe yana gutsurar gefen gonar Inna ya cinye ta a damina ɗaya, sai 'yar kusurwa da ta samu ta rore. Babanmu ya riga ya rasu, ni ce auta kuma ni kaɗai ce mace, sai Malam ya ce a ɗauko ta ta zauna da mu. Ta sauka a tasha da ƙullin tufafi a ka da gorar nan rungume a ƙirji. Mai taksi ya ce a sa a bayan mota, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wagga ba kaya ba ce, yaro. Tuƙa motarka."

Gidan Yantala ya canza da zuwanta. Kai Mamman kana lakwal lokacin, an sa ka boko, Hadiza tana tatata, Zalika ba a haife ki ba. Inna ta raina tuwon shinkafarmu, ta raina ruwan pampo, ta ce mutanen Yamai suna gaisuwa kamar ana korarsu. Amma cikin wata ɗaya ta iya "fofo", gaisuwar Zabarmawa, ta kuma yi sabo da Baba Hima, tsohon Bazabarmen nan mai lambu a bakin kogi. Ba ta jin Zabarmanci, Hausarsa kuma ta kasuwa ce, amma suka daidaita zai ba ta gefe guda ta shuka wakenta in ruwa ya sauka. Da mahaifinku kuwa sai kunya da girmamawa. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta kiran sunansa, shi ma in zai wuce ɗakinta sai ya tuɓe takalmi. Gorar tana rataye a ƙusa bisa gadonta, kuma kowace safiya sai ta taɓa ta kafin ta fito.

Ni kuwa gorar nan ta tsaya mini a rai. A labo muna da firigo, na'urar sanyi ta ajiyar iri, muna da kwalabe masu murfi, muna kuma da wata ƙwaya da aka kawo mana daga waje, mai lamba a maimakon suna, wadda patron ɗinmu, shugaban labo, ke cika baki da ita. Littattafanmu sun ce wake ba shi da zaɓe, kowace ƙwaya ta yi masa sallama buɗe mata yake. Sai na ƙudura a raina zan ceci Ɗan Dutsi: in raba shi da dattin ƙauye, in tsabtace shi, in haɗa shi da ƙwayar zamani, Inna ta ga amfanin karatun da ta sayar da awakinta ta sa ni. Na so ta yaba mini. Ba wani abu ba ne ya fi wannan, kuma ina jin kunyar rubuta shi.

Wata Asabar da hantsi maƙwabta suka ja ta gidan suna. Na sauko da gorar, na ɗauki rariya, na zauna a tsakar gida. Malam yana ƙarƙashin dogon yaro yana gyaran littattafan 'yan lakwal. Ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau.

"Madam dokta, kin tambayi tsohuwa?"

"Malam, ka tsaya ga jan alƙalaminka. Wannan fannina ne."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai na ga yadda take kallon gorar nan."

Na tankaɗe. Ƙasar baƙa-baƙa ce, da guntayen busasshiyar saiwa a ciki, ba ta fi cikin kwano biyu ba. Na kwashe ta na zuba a kwatar ƙofar gida, na bi ta da bokitin ruwa don kada ta toshe hanya. Irin na ɗauraye shi da ruwan jabel kamar yadda muke yi a labo, na shanya a inuwa, na zuba a kwalba. Ita ma gorar na wanke ta ciki da waje da jabel, na kife ta a rana. Na tuna har da 'yar waƙa nake yi. Da a ce na bar gorar ba wanki, ƙurar da ke manne a cikinta ta isa in raya ƙwayar a labo, aikin da nake yi kullum ne. Amma ni mace ce mai tsabta, ba na barin aiki rabi.

Da la'asar Inna ta dawo. Ta ga gorar a kife bisa turmi. Ta ɗauka, ta jijjiga, ta kai ta kusa da fuskarta ta daɗe a haka. Ni ina tsaye da kwalbar a hannu, da jawabin da na shirya, sai na ga fuskarta. Ban taɓa ganin ta haka ba, ko ranar da aka fita da gawar babanmu.

"Ina ƙasar da ke ciki?"

"Ga irin nan, Inna, ko ɗaya bai ɓata ba."

"Ba iri na tambaya ba, Auta. Ƙasa. Wa ya taɓa mini ƙasa?"

Amsar tana bakina, ni ce, amma na ƙi faɗa. Sai na ji mahaifinku ya ajiye littattafansa, ya tako ya durƙusa daga nesa kamar yadda ya saba.

"Ni ne, Inna. Ina kakkaɓe ɗaki na ture ta, ƙasar ta zube, na share ban san tana da amfani ba. Rabi ce ma ta tsince irin. A gafarce ni."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Suruki ne, ba ta da bakin yi masa faɗa, kuma ya san haka, shi ya sa ya ɗauki laifin. Ta dube ni, na dubi ƙasa.

"Ba komi, Malam. Abin da Allah ya kawo ne."

Na gaya wa kaina zan wanke Malam daga laifin ranar da wake ya yi kyau. In Inna ta ga lambun ya yi shar, sai in ce ai ni ce, mu yi dariya. Ruwa ya sauka, muka shuka a gefen da Baba Hima ya ba mu, na shafe irin da ƙwayar labo da hannuna. Ya tsiro lafiya. Sati uku, huɗu, sai ganyen ya fara ɗashewa, ya koma ruwan ɗorawa, tushen ya tsaya cak kamar yaron da aka yaye da wuri. Waken Baba Hima a kunya ta gaba yana ta yaɗo kore shar. Wata safiya Inna ta tsuguna ta tumɓuke tushe ɗaya, ta karkaɗe saiwar. Ƙurajen suna nan, 'yan ƙanana. Ta sa farce ta fasa ɗaya, ta fasa na biyu, ta miƙo mini a tafin hannunta.

"Babu jini. Na gida in kin fasa kamar hanta yake. Wanga baƙo ne ya shiga mishi, shina ci bai biya."

"Wa ya koya miki wannan, Inna?"

"Uwata. Ta ce Ɗan Dutsi shina da abokin zama cikin ƙasa, in anka raba su duk biyun marayu ne. Ke mi anka koya miki can?"

Abin da na ƙetare ƙasashe na koyo, shi ne ta faɗa mini a tsugune cikin kalmomi kaɗan, kuma ita ta yi aiki da shi, ni na zuba shi a kwata. Littafin bai yi ƙarya ba, wake yana buɗe wa kowa. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, buɗewa daban, amfana daban. Waken da ya yi zamani bayan zamani a kan tsakuwar Adar da ƙwaya guda, gadonsa ya karkata gare ta, nata ma ya karkata gare shi. Ƙwayar nan ba ta cikin firigon kowa, ba ta da lamba, babu wanda ya taɓa rubuta ta. Wuri biyu kawai take a duniya, gonar Inna da gorar Inna.

Da kaka muka rori abin da bai cika kwano ba. Inna ta ɗaure ƙullinta ta ce za ta koma gidan ƙanenta, Kawu Abdu. Malam ya roƙe ta har da hawaye, ta ce masa ba shi ba ne, iska ce ba ta karɓe ta ba. Kowa ya ɗauka kara ce irin ta surukai. Gorar ta bar ta rataye a ƙusa, ba ta ko waiwaye ta ba.

Na raka ta, da buhunan leda da cokalin ɗibar ƙasa a jakata. Na je gonar, na tarar babu gona. Rami ne mai zurfin tsayin mutum biyu, ƙasansa jan dutse, har 'yar kusurwar da ta rage daminar wannan shekarar ta tafi da ita. Na ɗebi ƙasa a bakin ramin, na ɗebi ta gonakin maƙwabta, na bi ƙoramar da ƙafa ina ɗiba duk inda laka ta kwanta, mutane suna kallona suna cewa boko ya taɓa 'yar Inna. Na dawo Yamai na jera tukwane a labo. Shekara nawa na yi ina wannan, ban ƙirga ba. Wasu ƙurajen sukan ɗan yi ja-ja har gabana ya faɗi, in sati ya zagayo su koma fari. Daga baya da na'urorin karanta ƙwayoyin gado suka zo, na iya ganin inda sallamar Ɗan Dutsi ta bambanta da ta sauran wake. Na ga tambayar a rubuce ƙarara, amma babu mai amsa ta. Abokan aiki suka ce in rubuta, abin sha'awa ne. Ban rubuta ba, don sai in faɗi inda ƙwayar ta tafi.

Shekara shida bayan haka aka aiko Inna ba lafiya. Na same ta da safe a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta rame har ban so in dube ta ba. Ta sa aka ba mu wuri.

"Ba ni hannunki, Auta."

Na ba ta. Ta kai shi hancinta, ta shinshina, ta yi ɗan murmushi.

"Shina nan har yanzu. Warin da na ji cikin gorata."

Ta riƙe hannun ba ta saki ba.

"Tsintsiya ba ta raba wake da ƙasa tas haka, rariya ce. Kuma namiji bai wanke gora. Tun ranan na sani. Ƙasa ta yi mini ciwo, ba ni ɓoye miki. Amma ba ita ta maido ni gida ba. Wata biyar na zamna gidanki ina jiran ɗiyata ta buɗe baki, ina kallon bawan Allah shina tuɓe mini takalmi da laifin da bai yi ba. Ban iya ci gaba da kallo ba."

"Inna, ki yafe mini."

"Ni na yahe tuni. Ki tahi ki wanke mutumin nan gaban ɗiyanshi."

Na ce to. Kwana tara bayan nan ta cika. A zaman makoki ne kai Mamman, kana saurayi jininka na tafasa, ka ce a gaban mutane da ba don sharar Baba ba da a ɗakinmu Inna za ta rasu. Ina bayan zana ina ji. Mahaifinku ya ce haka Allah ya so, ya ci gaba da jan carbinsa. Wannan ita ce ranar da ya kamata in fito, ban fito ba. Da muka dawo na gaya masa abin da Inna ta ce, sai ya yi dariyar nan tasa.

"Bar shi, Madam dokta. Yara sun saba da ni a haka. Uba in ya yi laifi ana mantawa, na uwa ne ba ya goguwa."

Na karɓi maganar da hannu biyu, don ita nake so in ji. Muka gina gida a unguwar Koira Kano, muka tashi daga Yantala, aka yi aurenku ɗaya bayan ɗaya, kullum ina cewa sai an samu lokacin da ya dace. Duk sanda aka dafa wake a gidan nan wani cikinku sai ya tsokane shi, Baba a yi hankali da tsintsiya, shi kuma ya ɗaga hannu ya ce ya tuba. Ya rasu da laifin a kansa. Mamman, ban rubuta wannan don ka ji ciwo ba, ba ka da laifi, abin da aka ba ka ka faɗa. Amma na san za ka so ka nemi gafararsa, kuma ni ce na jira sai da babu kunnen da zai ji ka.

Ɗan Dutsi yana nan, in ana kiran wannan rayuwa. Kowace damina ina shuka shi a tukwane bayan kicin, ina ba shi taki da cokali kamar majinyaci, waken da ya ciyar da gidanmu a kan tsakuwa ba tare da taimakon kowa ba. Kowace shekara abin da nake rora bai kai na bara ba, ƙwayar waken tana ƙanƙancewa, jan yana kodewa. Ban ga alamar zai wuce ni da yawa ba. Na daina zuwa Adar ɗibar ƙasa, gwiwoyina sun ƙi, kuma na daina yaudarar kaina.

Hadiza, watan jiya kin ce in ɗibar miki rabonki, ki ajiye wa ɗiyarki kamar yadda ake yi a gidanmu. Na ce miki sai kin zo, don ban so in ba ki kafin ki karanta wannan ba. Ki zo ki karɓa. A kwalba zan ba ki, tsabtatacce, babu ƙwaro ko ɗaya, gorar ma ki haɗa da ita in kina so, fanko ce. Ki shuka, in ya yi wata ɗaya ki tumɓuke tushe guda ki fasa ƙurjin da farce a gaban yarinyar. Fari za ku gani. In ta tambaye ki dalili, kada ki ce ƙasar Yamai ce, kada ki ce kakanta ne da tsintsiya. Ki ce mata kakarta ce ta wanke shi.